Darasi na Goma Sha Huɗu: Tayar da Tsohon Mutum-mutumi Mai Motsi

A cikin kayan da ke kwance a ƙasan tsofaffin akwatunan ƙarfe a gidajen Zuru da Dabai da Rikoto, tare da lambobin yabo da hotunan da suka koɗe da kakin da asu ya ci, akan sami wani irin abu wanda yara ke tsoro, manya kuma suka manta da shi, wato mutum-mutumin gwangwani mai aiki da batir, wanda a zamanin ƙuruciyarsa yakan kaɗa ganga, ya juya kai, idanunsa su yi ja. Ba abin mamaki ba ne a sami irinsa a wannan ƙasa tamu fiye da wasu wurare, domin kuwa mutanen ƙasar Zuru sun shahara da aikin soja tun zamanin Turawa, kuma rundunonin Nijeriya sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, sun je Kwango daga 1960 zuwa 1964, sun je Labanan daga 1978, sun je Laberiya daga 1990, ga shi kuwa soja ba ya komowa gida hannu rabbana. Wasu kuma daga baya suka shigo, cikin dilolin gwanjo, a cakuɗe da takalma da jakunkunan makaranta. Wanda ke kan teburin ajinmu yau beyar ce ta gwangwani da aka lulluɓe da ƙyalle mai gashi, tana zaune da ganga a tsakanin ƙafafunta, irin waɗanda masana'antun Japan suka yi ta ƙerawa suna aikawa duniya a shekarun 1950 da 1960.

Maƙasudin wannan darasi shi ne mu koyi yadda ake tayar da irin wannan abu bayan ya shekara aru-aru bai motsa ba. Watakila wani daga cikinku, wanda ya baro gonarsa ko shagonsa ya zo ajin yamma, ya ce a ransa wannan ai wasan yara ne. To, amma duk abin da ke cikin cikin beyar nan, daga batir da makunni da waya har zuwa ƙaramin injin da ke juyi, ana samun irinsa a rarrabe cikin tocila da fankar caji da askar aski ta lantarki da hon ɗin babur, sai dai nan wutar kaɗan ce ƙwarai, ba ta kisa, kuma idan mai koyo ya ɓata wani abu ba a hana kowa abincin dare ba. Saboda haka babu wani allon koyo da ya fi shi sauƙi ga mafari.

Wannan fanni kuwa yana da asali mai tsawo, kuma malaman Musulunci suna da babban rabo a cikinsa. A Bagadaza, a ƙarni na tara na Miladiyya, wasu 'yan'uwa uku, Muhammadu da Ahmadu da Alhasan, waɗanda aka sani da Banu Musa, sun wallafa Kitabul Hiyal, inda suka bayyana na'urori wajen ɗari masu aiki da ruwa da iska. Bayansu da ƙarni uku da ɗoriya, Isma'ila Aljazari, wanda ya yi wa sarakunan Artuƙawa hidima a birnin Amid, wato Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya a yau, ya kammala littafinsa a 1206, ya kawo na'urori 50 a cikinsa, kowace da zanenta da bayanin yadda za a ƙera ta. A ciki akwai agogon giwa, wanda direban giwar ke bugawa duk rabin sa'a, akwai baran da ke zuba wa sarki ruwan wanke hannu ya miƙa masa tawul, akwai kuma jirgin ruwa mai ɗauke da makaɗa, waɗanda wasu turaku da aka kafa a jikin sanda mai juyawa ke ɗaga hannuwansu su sake su bisa ganga. Ku riƙe wannan batu na turaku, domin za mu sake gamuwa da shi in mun buɗe beyarmu. Daga baya Turawa suka ɗauka, har wani Bafaranshe mai suna Vaucanson ya nuna agwagwarsa ta ƙarfe a 1739, sa'an nan a Amurka kamfanin Walt Disney ya fito da tsuntsaye masu waƙa a 1963, da siffar Shugaba Lincoln mai tashi tsaye tana jawabi a bajekolin duniya na birnin New York a 1964. Abin da ya sauya a tsawon waɗannan ƙarnoni shi ne mai turawa, daga ruwa zuwa sifirin zuwa lantarki. Hikimar mai da juyi ya zama ɗaga hannu tana nan yadda take.

Akwai wata mas'ala da ba zan tsallake ba, tun da ajin nan ya tara Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni, kuma ƙasarmu ta san siffofi tun da daɗewa, ga shi matan ƙabilar Lelna sun yi suna wajen gina siffofin yumɓu da ake ɗorawa bisa kushewar manya. Malaman fiƙihu sun yi magana mai tsawo a kan sura mai jiki, kuma a mazhabar Malikiyya an yi rangwame a kan 'yar tsanar da yara mata ke wasa da ita. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, sai ya tambayi malaminsa, kuma ya iya yin dukan aikin wannan darasi a kan motar wasa ko jirgi, domin cikinsu ɗaya ne.

Ƙa'ida ta farko, wadda ita ce mafi wuyar bi, ita ce kada a sa batir. Kowa in ya ɗauki irin wannan abu hannunsa ƙaiƙayi yake yi ya ga ko zai motsa, alhali kuwa injin da ya shekara talatin a tsaye, giris ɗinsa ya daskare, ƙura ta shige haƙoransa, idan aka ba shi wuta bai sami ikon juyawa ba, sai ya ja wuta fiye da kima, siririyar wayar da aka naɗa a cikinsa ta yi zafi, rufinta ya narke, shi ke nan an kashe da hannu abin da shekaru ba su kashe ba. Maimakon haka, sai a shimfiɗa farin ƙyalle bisa tebur, a kawo takarda da fensir, a kawo kiret ɗin ƙwai wanda za a riƙa jefa sukurori a ramukansa bi da bi, na farko a rami na farko, domin ranar mayarwa a fara daga na ƙarshe. Mai wayar hannu ya ɗauki hoto kafin ya taɓa kome, ya sake ɗauka bayan kowane abu da ya cire. Amma hoto bai ɗauke wa mutum zane ba, domin wanda ya zana waya da hannunsa, daga inda ta taso zuwa inda ta sauka, ya riga ya fahimci rabin aikin tun bai kama filaya ba.

Irin waɗannan na gwangwani galibi ba da sukuru aka haɗa su ba, da 'yan harsuna ne na jikin gwangwanin, waɗanda aka zura ta rami aka lanƙwasa. A miƙar da su sannu da bakin siririyar sukundireba, kuma a sani cewa harshen nan ba ya jure lanƙwasa fiye da sau biyu ko uku kafin ya karye, saboda haka ba a buɗewa a rufe don gwaji. Sai an tabbata aiki ya kammala ake rufewa. Da an raba jikin biyu, abin da za a fara gani ba inji ba ne. A namu, ginin zanzaro ne ya cika kogon kai, da busassun tsutsotsin da ya tara wa 'ya'yansa, ga ƙwan kyankyaso jere a bayan akwatin batir, ga wata waya da ɓera ya gaigaye rufinta ya bar jan ƙarfen tsirara, ya yi kore. Yanayin ƙasarmu ya haɗa wa irin waɗannan kaya azaba biyu: damina mai laima tana sa tsatsa, sa'an nan hunturu ya zo da ƙurar da ke cakuɗa da mai ta zama kamar ƙasar gini. A share da busasshen burushin goge baki, a hure, kada a zuba ruwa.

Daga nan sai akwatin batir, inda mafi yawan ciwon yake, domin da wuya a sami wanda ya tuna ya cire batir kafin ya ajiye. Batir in ya tsufa yakan yi yoyo, kuma yoyon iri biyu ne, maganinsu ya saɓa. Batir mai tsada, wanda aka rubuta alkalin a jikinsa, yana barin farin gari mai ɓurɓushi, wanda ɗan ruwan lemun tsami a bakin auduga ke narkarwa, har za ku ga yana kumfa. Batir na gama-gari kuwa, irin wanda muka saba sa wa rediyo, yoyonsa mai tsami ne, yana cin ƙarfe ya bar tsatsa ja mai danshi, shi kuma ruwan kanwa marar kauri ne ke kashe kaifinsa. Ko wanne ne, kada ya taɓa ido, kuma a wanke hannu bayan an gama. In wurin ya bushe, a goge bakin ƙarfen da samfefa mai laushi har ya yi ƙyalli. Idan sifirin ɗin da ke danne batir ya ruɓe ya karye, na tsohuwar tocila yana shiga wurinsa.

Yanzu mun iso ga zuciyar darasin, wato bin sawun wuta. Wutar batir tana kama da ruwan da mai lambu ke kora wa fangalinsa a fadama: tana da mafari, tana da hanya, kuma duk inda hanyar ta toshe ko ta fashe, abin da ke gaba ba ya samun kome, bambancin kawai shi ne ita wuta dole ne ta kewayo ta komo inda ta fito, in ba haka ba ko tashi ba ta yi. A beyarmu tana fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi waya zuwa makunni, daga makunni ta rabu biyu, reshe ɗaya ya tafi ga inji, ɗaya ga ƙwayayen fitilar ido. To, ina hanyar komowa? Mai lura zai ga waya ɗaya ce tak ta shiga ƙwan fitila, ya yi tsammani ɗayar ta ɓace. Ba ta ɓace ba, gwangwanin jikin ne kansa aka mai da shi hanyar komowa, yadda ake yi a babur da mota. Ma'anar wannan ita ce, tsatsar da ta shiga tsakanin gwangwani da gwangwani a wurin harsunan nan tana iya yanke wuta daidai da yadda tsinkewar waya ke yi, kuma masu gyara da yawa sun sauya wayoyi kaf, abu ya ƙi tashi, alhali laifin yana ga harshe guda da ke bukatar samfefa.

Abin aikin wannan mataki shi ne mita, irin wadda kowane mai gyaran rediyo da wayar hannu ke da ita a kan teburinsa a kasuwar Zuru. A murɗa ta zuwa wurin da take ƙara in an haɗa bakunanta biyu. A ɗora baki ɗaya a farkon waya, ɗaya a ƙarshenta. In ta yi ƙara, hanya a buɗe take, in ta yi shiru, sai masu sana'a su ce wuta ba ta wucewa. A bi gaɓa-gaɓa bisa tartibi, daga batir zuwa makunni, daga makunni zuwa inji, daga inji zuwa gwangwani, ana sa alama a kan zane duk inda aka gwada. A kula da waya mai yaudara, wadda rufinta lafiya lau amma ta karye a ciki, musamman wadda ke ratsa wuya ko kafaɗa, inda ta sha lanƙwasa sau dubbai. Ita sai an riƙe mita a kanta ana motsa ta da yatsa, sai a ji ƙarar tana ɗaukewa tana dawowa. Wanda ba shi da mita, batir guda da ƙwan tocila da waya biyu suna yi masa wannan aiki.

Shi kuwa ƙaramin injin, wanda masu gyara ke kira moto, a raba shi da haƙoran da yake turawa, a murza sandarsa da yatsu biyu. In ta juya da 'yar tirjiya mai zuwa daki-daki, wannan ƙarfin maganaɗisu ne, lafiya ke nan. In ta kafe, a ɗiga sifirit a bakin sandar ta kowane gefe, a yi ta murzawa har ta saki, sa'an nan a sa ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, ɗaya tak, domin mai in ya yi yawa yakan gangara ya shafe wurin da wuta ke shiga. Sai a nan ne aka halatta a taɓa shi da batir guda, shi kaɗai, ba tare da kaya a kansa ba. Idan ya yi wari irin na ƙonannen fenti, ko mita ta nuna hanyar cikinsa a yanke take, mai yiwuwa ya ƙone, sai a nemi madadinsa a cikin matattun rediyoyin kaset da ke jibge a bayan shagon masu gyara, waɗanda sau da yawa da godiya kawai ake rabuwa da su.

Bayan moto akwai faya-fayi masu haƙora, ƙarami yana tura babba, babba yana ɗauke da wani ƙarami a cikinsa, har saurin moto ya ragu, ƙarfinsa ya ƙaru. Lissafin mai sauƙi ne: faifai mai haƙora 10 in yana tura mai haƙora 40, sai ya juya sau huɗu kafin babban ya juya sau ɗaya, in kuwa aka jera irin wannan hawa uku, moto zai juya sau 64 kafin sandar ƙarshe ta kewayo. A kan wannan sanda ta ƙarshe ne za ku ga jikokin turakun Aljazari, wato wasu faya-fayi masu doro, waɗanda in doron ya iso sai ya ture wani ɗan ƙarfe, ƙarfen ya ɗaga hannun beyar, doro ya wuce, sifirin ya fizgo hannun ya faɗa bisa ganga. Doron hannun dama da na hagu ba su kallon gefe ɗaya, shi ya sa kiɗan ke fita ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kafin a zare su a karce alama da bakin allura a kan kowane faifai da sandarsa, in ba haka ba beyar za ta tashi tana dukan ganga da hannu biyu lokaci guda, ko kanta ya juya ya kafe yana kallon bango. Haƙoran ƙarfe a wanke su da kananzir, na roba da ruwan sabulu, a shanya, a shafa giris kaɗan.

Sabunta waya ya fi kowane mataki daɗin yi, shi ya sa ake yawan yin gaggawa a cikinsa. Waya ɗaya ake cirewa, a auna sabuwa da ita, a ƙara ɗan tsawo a inda gaɓa ke motsi, a liƙa, a sa alama a zane, sa'an nan a taɓa ta biyu. Wanda ya tsinke su duka a lokaci guda don ya ga wuri ya yi fes, ya sayi wahalar mako. A nemi waya mai silli-silli da yawa a ciki, irin ta cikin tsohuwar wayar caja, domin mai ƙarfe guda ba ta jure motsi. Ja ta tafi gefen tarawa, baƙa gefen ɗebewa, don wanda zai buɗe bayanku ya karanta aikinku ba da tafinta ba. Dalmar liƙi, wadda galibi kashi 60 kuza ce kashi 40 darma, tana narkewa a wajen digiri 190, kuma sirrinta shi ne a gasa wurin da za a liƙa, a kai dalma gare shi ta narke da zafinsa, ba a narkar da ita a bakin ƙarfe a ɗiga ba. Liƙi mai kyau santsi ne da shi da ƙyalli. Wanda ya yi dunƙule ya dushe, ko ya kama yau zai saki gobe. In babu wuta, kamar yadda aka saba, ƙarfen liƙi na jan ƙarfe da ake gasawa a gawayi, irin na masu gyaran fitila da bokiti, yana yi, in dai bakinsa siriri ne. A yi aikin a inda iska ke shiga, kada a riƙe dalma da haƙori, domin darma guba ce mai taruwa a jiki.

Wani zai ce batir ya yi tsada, me zai hana a haɗa abin da caja? Beyarmu batir biyu take ci, kowane bolt ɗaya da rabi, jimla bolt 3, cajar wayar hannu kuwa bolt 5 take bayarwa, wanda zai sa moto ya yi gudun da ba a gina shi dominsa ba, ƙwayayen ido su mutu, haƙora su zube. Sababbin da ke da ɗan allon lantarki da lasifika a ciki sun fi wannan rauni, domin juya musu tarawa da ɗebewa na ƙiftawar ido ya isa ya kashe allon. Wutar soket kuwa, mai bolt 230, ko ta janareta, ba ta da wata hulɗa da wannan darasi ko kaɗan, kuma jikin gwangwani da aka haɗa da ita yana iya kashe wanda ya taɓa shi.

Game da ƙyalle da fenti, ra'ayina shi ne a taƙaita. A kakkaɓe gashin, a ɗinke inda ya yage da zare mai kama da shi, a maye fatar ganga in ta fashe, amma kada a shafe gwangwanin da sabon fenti, domin zanen da ke jikinsa buga shi aka yi a masana'anta, hannu ba ya iya mayar da shi, kuma tambarin maƙeran da sunan ƙasarsu da ke bayan akwatin batir su ne kaɗai shaidar asalinsa.

Gwajin ƙarshe ana yinsa ne jiki a buɗe, an ɗora rabin gwangwanin a wurinsa an riƙe da hannu ba tare da an lanƙwasa harsuna ba. A sa batir, a kunna, a ƙirga zuwa biyar, a kashe, a taɓa moto da bayan yatsa. In da ɗumi kaɗan, a sake kunnawa a bar shi ya fi haka; in ya yi zafi, ko aka ji yana gurnani ba ya juyi, akwai inda ya cije, sai a koma ga haƙora.

Kafin zama mai zuwa, kowane ɗalibi ya nemo wani mataccen abu mai aiki da batir a gidansa ko na maƙwabta, tocila ce ko motar wasa ko rediyo, kada ya sa masa batir, kada kuma ya tsinke kome. Ya buɗe shi bisa farin ƙyalle, ya zana hanyar wutarsa daga fita har komowa, ya rubuta a ƙarƙashin zanen wurare uku da yake zargi da dalilinsa a kan kowane. Ku zo da abin da zanen tare; mitar aji guda ce, za a yi layi a kanta bisa jerin sunaye a rajista.